Wace tsohuwar mota zan saya don zirga-zirgar Kano, in kuma ɗan yi mata kwalliya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne, ina zaune a Rijiyar Zaki, wurin aikina kuma Bompai. Kuɗin Adaidaita Sahu ya ishe ni, na ɗan tara wani abu ina so in sayi ƙaramar mota ta hannu mai tsimin mai, wadda zan riƙa hawa kullum. Ina kuma da sha'awar in ɗan gyara ta: wili mai kyau, sauti, salansa, wataƙila ma in sauke ta ƙasa kaɗan. Abokai sun raba mini hankali tsakanin Corolla, Civic, Vibe, 406 da Golf 3. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa albarka a abin da ka tara, ya sa a saya a sa'a.

Idan kuɗinka sun kai, ka nemi Corolla ta 2003 zuwa 2008, ko Pontiac Vibe ta waɗannan shekarun. Na daɗe ina kwance motoci ina ɗaurawa a garin nan, kuma wannan ita ce shawarar da nake ba ƙannena na ciki ɗaya. Sai dai sunan mota ba ya tafiya a titi. Lafiyayyiyar 406 ta fi Corolla da aka sha wahalar da ita sau goma, don haka abin da zan faɗa maka game da duba mota kafin biya ya fi zaɓin suna nauyi.

Ka fara duba hanyarka. Daga Rijiyar Zaki ka biyo Kabuga, ka hau titin BUK, ka ratsa Gidan Murtala zuwa Bompai, safe da yamma. Tafiya ce ta tsaya-tafi, birki da totur, ga 'yan Adaidaita suna kutsowa ta hagu da dama. A Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, mota tana tsaye a cunkoso, iska ba ta bugun lagireto sai abin da fanka ta ja. Hunturu ya zo da ƙura, Agusta ya zo da ruwan da ke kwanciya a tituna ya ɓoye ramuka. Motar da za ta yi maka wannan aiki kullum ba gudu ake nema a wurinta ba. Ana son wadda ba ta zafi, ƙafafunta suna jure rami, kuma in ta lalace ranar Talata ka samu kayanta a Ƙofar Ruwa kafin la'asar, ka samu bakaniken da ya san ta a unguwarku. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 kuma, kowace lita sai an yi lissafinta.

Abin da ya sa na fifita Corolla yana cikin injinta. Waɗanda suka zo daga Amurka suna ɗauke da injin 1ZZ mai lita 1.8, na Turai kuma akwai 1.4 da 1.6 'yan gida ɗaya da shi. Sarƙa ce ke riƙe da tayimin ɗinsa, ba bel ba, saboda haka babu fargabar bel ya tsinke maka a tsakiyar titin Zariya. Giyarta ta otomatik mai hawa huɗu ce, tsohon ƙira marar rikici, in dai ana zuba mata man da aka rubuta a jikin sandar awonta. Ƙafafun baya kuwa ƙarfe ɗaya ne ya haɗa su, babu tarin hannuwa da bushin da za su riƙa cin kuɗi duk bayan damina. Mai lafiya tana ba ka wajen kilomita 10 ko 11 a lita a cikin gari, ta fi haka a doguwar hanya. Aibinta guda ne da ya kamata ka sani: injinan da aka ƙera kafin wajen 2005 sun yi suna wajen shan baƙin mai, domin 'yan ƙofofin da mai ke komawa ta jikin fistin suna toshewa, ringi ya maƙale. Toyota ta gyara ƙirar daga baya. Shi ya sa in ka samu ta 2006 zuwa sama ka fi samun kwanciyar hankali, in kuma ta 2003 ko 2004 ce to ka sa ido sosai a hayaƙinta. Ɗaya matsalar ita ce farashi. Kowa ya san darajarta, masu sayarwa ma sun sani. Amma wannan tsadar ce za ta dawo maka ranar da ka tashi sayarwa, don Corolla ba ta kwana a hannun dillali.

Vibe kuwa Toyota ce sanye da rigar Amurka. An haɗa ta a wata masana'anta ta haɗin gwiwar Toyota da General Motors a jihar Kalifoniya, inji da giya da ƙafafu duk irin na Corolla da Matrix ne. Ta fi Corolla ɗaukar kaya, kujerun baya suna kwanciya su zama fili, ga ta da ɗan tsayi daga ƙasa, abin da ke da amfani ga wanda layinsu ba kwalta. Abubuwa biyu za ka kiyaye. Kada ka ɗauki mai jan ƙafa huɗu, ta fi shan mai kuma kayan bayanta wahala ne. Sannan fitilu da bamba da sauran kayan bodi nata ne na kanta, kamfanin Pontiac kuma an rufe shi tun 2010, don haka in Adaidaita ya fasa maka fitila sai dai ka nemi ta Beljiyam. Ana samu a Kano saboda motar ta yi yawa a Arewa, amma ba da arahar ta Corolla ba.

Civic ita ce wadda zuciyar mai son kwalliya ke karkata gare ta, kuma ba laifi, ta fi Corolla daɗin sitiyari. Ta 2001 zuwa 2005 tana da tsimin mai ƙwarai. Amma bel ne a tayimin ɗinta, kuma irin injin da in bel ya tsinke fistin ke haɗuwa da bawul ne, aiki ya koma sauke tof silinda. Duk wanda ya saye ta, ya canza bel da famfon ruwa a makon farko ko da mai ita ya rantse cewa jiya ya canza. Giyar otomatik ta shekarun farko na wannan ƙira ma ba ta da ƙwari, ta manuwal ta fi. Kuma motar Honda ba ta yarda da kowane man giya sai nata. Na ga giya da yawa da aka kashe da jan mai na galan da ake sayarwa a bakin titi. Idan wani ya ja ka zuwa Honda Accord, ƙirar da ake kira EOD ko wadda ta gabace ta, ka sani ka fita daga sahun ƙananan motoci, kuma ita ce mai halin nan na cire ƙafar gaba in boljoyin ya ci aka yi sakaci. Mai silinda shida kuwa ko kyauta aka ba ka, aljihun mai albashi ba zai ji daɗinta ba.

406 ina ganin mutuncinta. Babu wadda ta kai ta laushi a rami cikin waɗanda ka lissafa, kuma da yake PAN, masana'antar Peugeot ta Kaduna, ta haɗa ta a nan gida, bakanikenta da kayanta sun wadata a Arewa. In kuɗinka ba su kai Corolla ba, 406 mai silinda huɗu da giyar manuwal zaɓi ne na mutunci. Sharaɗinta shi ne ka samu wadda ba a yi wa wayarin ɗinta kaca-kaca ba. Yawancin waɗanda suka mutu, ta hanyar lantarki aka kashe su: fanka ta daina tashi, mai wayarin ya yanke nan ya haɗa can, inji ya yi zafi, gaskit ya ƙone. Ka guji mai otomatik. Ta kuma fi Corolla shan mai, wannan ka sa shi a lissafi. Golf 3 kuwa ka bar ta. An daina ƙera ta tun ƙarshen shekarun 1990, kuma mafi yawan waɗanda ke kasuwa sun gama yin haya tsakanin Kano da ƙauyuka, an yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu, an sauya musu inji ba sau ɗaya ba, da yawa babu esi. Mota ce mai ƙwari, amma mai kyau a cikinsu masu ita ba sa sayarwa.

Yanzu ga inda ake asarar kuɗi. Kada ka kashe duk abin da ka tara a kan sayen motar. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar ka ajiye, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Motar da ta shekara kusan ashirin tana da abin da take jira a yi mata, ko mai ita waliyyi ne. Ga la'adar dillali, ga canjin takardu, duk daga aljihunka.

Ranar duba mota ka tafi da bakanikenka, wanda kai za ka biya shi kuɗin ƙafarsa, ba wanda dillali ya kira ba. Ku je da sassafe, kuma ka roƙi kada a tayar da ita kafin ku iso. Ka ɗora hannu a kan inji ka tabbatar da sanyi yake. Inji mai ciwo da safe yake faɗin gaskiya, in ya ɗumama sai ya rufa wa kansa asiri. Kafin a tayar, ka murɗa makulli zuwa inda fitilun dashbod ke kamawa. Dole ka ga fitilar inji, da ta birkin ABS in motar tana da shi, da ta jakar iska, da ta baƙin mai duk sun kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba tun farko, akwai yiwuwar an cire ƙwanta ko an liƙe ta don a ɓoye matsala. Wannan dabara ta yi yawa a kasuwa har na daina mamakinta.

In an tayar, ka koma baya ka kalli salansa, wani ya taka totur. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi, fetur ne ya yi yawa. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya ɗumama, ruwa ne ke shiga silinda. Tun inji yana da sanyi ka buɗe murfin lagireto, a tayar, ka duba ko ruwan yana tafasowa da kumfa, alamar gaskit ke nan. Kada ka kuskura ka buɗe shi inji yana da zafi, mutane sun ƙone fuska a haka. Ka buɗe murfin baƙin mai ka leƙa: in ka ga abu kamar madara a jikinsa ruwa ya haɗu da mai, in ka ga baƙin daskararren datti to ba a yi mata juye a kan lokaci. Ka zaro sandar awo ka murza man a yatsa. In ya yi kauri fiye da kima, wataƙila an zuba ne don a kashe ƙara da hayaƙi. Man giya kuma ja ya kamata ya kasance ko ja mai duhu, ba baƙi mai warin ƙuna ba.

Sai ku fita gwaji, kuma ba zagayen layi ba. Ku hau titi mai tsawo inda giya za ta shiga duk hawanta, ku dawo ku shiga cunkoso da esi a kunne, ka zuba wa allurar zafi ido. Ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙen wuri ka ga ko tana ja gefe. Ka bi ta kan rami da gangan ka saurari ƙafafu. Daga nan a sa mata kwamfuta. Motocin Amurka daga 1996, da na Turai masu fetur daga 2001, duk suna da wurin da ake soka na'urar a ƙarƙashin sitiyari. Ka ce wa mai na'urar ya duba maka har da ko an goge bayanan matsala kwanan nan, domin na'urar tana nunawa. Kuɗin wannan gwaji bai kai na cika tanki ba.

Bodi ma yana da nasa labarin. Ka tsaya a gefe da rana ka kalli fenti ko launin ƙofa ya bambanta da na kusa da ita, ka duba tazarar da ke tsakanin bonet da fitilu ko ta yi daidai hagu da dama. Ƙaramin maganaɗisu ba ya kama inda aka cika da foti. Fenti da ɗan gyaran bamba ba abin damuwa ba ne, mota ce ta Kano, babu wadda ba a goga ba. Abin gudu shi ne ƙarfen shasi na gaba da aka miƙar ko aka yi wa walda, don irin wannan motar ba za ta daina cin taya ba har abada. Ka ɗaga kafet, ka ciro safaya ka duba ramin da take zama. Busasshen taɓo ko tsatsa a ƙarƙashin kujeru alama ce ta motar da ambaliya ta ci, kuma irinsu suna shigowa daga Amurka da yawa. Ka sa a shiga ƙarƙashinta a duba ko tukunyar tace hayaƙi, wadda ake kira indomi, tana nan. Ana cire ta a sayar saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinta, a yi walda a mayar da fanko. Lambar tafiyar da ke dashbod kuwa kada ka dogara da ita, ana mayar da ita baya. Sitiyari da fedar birki da kujerar direba sun fi ta gaskiya. Ka tuna kuma motar Amurka da mil take ƙirga, mil ɗaya kilomita 1.6 ne.

Takardu kada ka yi musu gaggawa. Lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta zama daidai da ta jikin ƙofa da ta kowace takarda, harafi bayan harafi. Takardar kwastam ita ce babba. A farkon 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka motar da aka ce 'yar Kwatano ce ta shigo bayan nan, sai ka binciki yadda aka biya mata fito. Kana iya zuwa ofishin Kwastam na Kano da Jigawa a tantance maka kafin ka biya. In ka ƙi, wata rana a hanyar Kaduna ko Katsina za a tantance maka ba da son ranka ba. Ka ga mai motar ido da ido in ta hannu ce, a rubuta yarjejeniyar ciniki da shaidu da hoton katin shaidarsa, ka biya ta banki don ya zama akwai alama. Sannan ka mayar da takardu sunanka, ka yi inshora ta gaskiya. Mafi ƙanƙantarta ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, wanda duk ya ce zai yi maka a ƙasa da haka takarda kawai zai buga maka.

To ka saya. Kafin wili, kafin sauti, ga inda kuɗin da ka ajiye za su tafi, kuma a wurina wannan shi ne gyaran farko da ake yi wa tsohuwar mota. A yi juye da filta mai kyau. Littafin injin 1ZZ 5W-30 ya ce, kuma inji mai lafiya shi ya kamata a ba shi, domin hanyoyin mai na cikinsa ƙanana ne, mai kauri irin 20W-50 da aka saba zubawa kowace mota yana jinkirin isa sama da safe. In injin ya riga ya tsufa yana shan mai, a nan ne bakanike zai iya ɗan ƙara kauri. A canza filtar iska, kuma da hunturu ka riƙa duba ta akai-akai. A sa fulogi na asali, don jabun Denso da NGK sun cika kasuwa, kwalinsu har ya fi na gaskiya sheƙi. A zuƙe man birki a zuba sabo, yana tsotsar danshi da daɗewa, kuma kusan babu mai canza shi a garin nan.

Sai maganar sanyaya inji, wadda nake so ka ba ta muhimmanci fiye da komai. Akwai al'adar da ta zama ruwan dare: mota ta shigo, a cire mata tamostat, wato abin da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya ɗumama, a jefar, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa tun daga tayarwa, a ce wai ƙasarmu da zafi. Wannan kuskure ne, kuma ina faɗa ko a gaban abokan sana'ata. An ƙera injin ne ya yi aiki a wani ma'aunin zafi, tamostat ɗin Toyota yana buɗewa ne a wajen digiri 82. In babu shi, da safe da lokacin hunturu inji yana daɗewa bai kai zafinsa ba, kwamfutar mota kuma tana ci gaba da ƙara masa fetur tana zaton bai ɗumama ba. Ka sayi mota don tsimin mai, an mayar maka da ita mai sha. Motar da ke zafi tana da dalili: lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko fanka ta gaji, ko famfon ruwa. A nemo dalilin a gyara. A mayar da tamostat, a mayar da fanka kan na'urarta, a wanke lagireto a zuba ruwan sanyaya inji na gaskiya. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa a ciki, a hankali su toshe hanyoyin.

Yanzu kwalliya. Wili za ka iya sawa, kuma yana canza kamannin mota fiye da komai. Corolla ta waɗannan shekaru yawanci da taya 195/65 a kan wili 15 take zuwa, ko 185/65. In ka koma wili 16 da taya 205/55, tsayin ƙafar bai canza ba sai ɗan abin da ba a lura da shi, allurar gudu ba za ta yi maka ƙarya ba, giya ba za ta wahala ba. A nan nake so ka tsaya. Wili 17 ko 18 yana buƙatar siririyar taya, kuma siririyar taya ba ta da naman da za ta tare wa wili rami. Rami ɗaya a damina ya isa ya lanƙwasa shi ko ya fasa gefen tayar. Ga nauyi, ga ƙarin shan mai, ga shok da boljoyin suna mutuwa da wuri. Ka tabbatar ramukan wilin sun dace da motar, na 'yar Amurka biyar ne a ma'aunin 5x100, na 'yar Turai kuma huɗu ne a 4x100, kada a ce za a ɗan fafe maka su shiga. Kuma wili na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabo mai ƙyalli marar suna ƙwari nesa ba kusa ba. Taya kuwa ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe da ke gefenta bayan DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tsohuwar taya mai kyan zane tana fashewa a kwaltar Afrilu. Iska kuma ka bi abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, wajen 30 zuwa 33, ba 45 ko 50 da masu faci ke bugawa ba.

Sauke mota ƙasa ban goyi baya ba ko kaɗan. Ka ƙirga tudun rage gudu da ke tsakanin gidanku da bakin titi, da kwatocin da ake tsallakawa a shiga layi. Kaskon baƙin mai yana ƙasa, salansa yana ƙasa. Mafi muni shi ne yadda ake yi a nan, a yanke sifirin da abin yanka ƙarfe, mota ta riƙa tsalle, birki ya daina kamawa daidai. In tsayuwa mai kyau kake so a kwana, sabon shok na kirki irin KYB a ƙafa huɗu, da sababbin bushin da alaimen, za su ba ka abin da kake nema. Yawancin masu cewa motarsu tana lilo, shok ɗinsu ne ya mutu tun tuni ba su sani ba.

Salansa mai ƙara ba ta ƙara wa injin 1.8 wani ƙarfin da za ka ji, sai dai ta dame ka a doguwar tafiya ta dami maƙwabta da asuba. In kana son kyan gani, a sa mata bakin salansa mai sheƙi a bar tukunyar yadda take. Haka buɗaɗɗiyar filtar iska da samari ke sawa a cire akwatin asali: a ƙarƙashin bonet iska mai zafi take zuƙa, tana barin ƙurar hunturu ta wuce, in kuma an sauko da bututunta ƙasa to ranar da ka shiga ruwa a Agusta inji zai sha, kuma injin da ya zuƙi ruwa sandar fistin yake lanƙwasawa. Turbo kuwa ka cire shi daga ranka. Injin da giyar ba a yi su don shi ba, kuɗinsa kuma ya isa ya ƙara maka wata motar.

Inda kuɗin kwalliya ke biyan kansa shi ne cikin mota, tunda a nan kake zama. Rediyo mai allo da kyamarar baya yana da amfani na gaske a wurin ajiye mota mai matsi. Ka nemi wanda ke zuwa da soket ɗin da ya dace da motarka don kada a yanke waya ko ɗaya. Lasifikan ƙofa na asali takarda ce ta riga ta ruɓe, canza su kaɗai zai ba ka mamaki. In za ka sa amfilifaya, wayarta ta taso daga batir da kauri, da fiyus kusa da batir ɗin. Motocin da ke kamawa da wuta a titi, da yawa daga irin wannan haɗin ne da aka yi babu fiyus. A gyara esi da kyau, a wanke kwandensa, a ɗinka wa kujeru riga, a sa kafet na roba saboda damina. Fitilun gaba da suka yi rawaya a goge su su washe, a saita su. Farin ƙwai mai tsananin haske da ake cusawa a fitilar da ba a yi ta don shi ba yana watsa haske ne ya makantar da mai tahowa, kai kuma ba ka ƙara ganin hanya ba. Baƙin gilashi yana rage zafi, amma doka ta daɗe da cewa sai da izinin 'yan sanda, don haka ka nemi izinin kafin ka liƙa, ko ka sa marar duhu da ake ganin na ciki. Lambar mota kuma ka bar ta a buɗe yadda aka ba ka, kada ka sa mata murfi mai duhu, ka huta da KAROTA da 'yan Road Safety.

Za a kuma ba ka shawarar mayar da ita mai amfani da iskar gas ta CNG, tunda gwamnatin tarayya tana ta ƙarfafa hakan tun 2023. Injin Corolla yana karɓa, kuma gas ya fi fetur araha. Amma tukunyar tana da nauyi, tana cinye rabin but, kuma ana cika ta ne da matsin da ya kai 200 a ma'aunin matsin iska na bar, abin da tukunyar gas ɗin girki ko wadda mai walda ya haɗa ba za ta taɓa ɗauka ba. A Oktoban 2024 wata mota ta tarwatse a wurin shan gas a Benin saboda irin wannan tukunyar ta haɗi, mutane suka jikkata. In za ka yi, sai a cibiyar da aka amince da ita, kuma sai ka tabbatar akwai wurin shan gas da ba zai sa ka ratsa gari ka bi layi ba. Kafin nan ka hau motar wata guda a kan fetur. Ka cika tanki, ka mayar da ma'aunin tafiya sifili, in ka dawo cikawa ka raba kilomitan da ka yi da litar da ta shiga. Wannan lissafin ne zai nuna maka ko kuɗin juyawar zai dawo a tafiyar Rijiyar Zaki zuwa Bompai, zai kuma nuna maka tun da wuri in akwai abin da ke sa ta shan mai fiye da ƙa'ida.